Inna Kande da Ƙafar Autarta

Idan aka tambayi Hajiya Hauwa labarin mahaifiyarta, dariya take fara yi kafin ta ce komai. Ba ta iya ambaton matar nan da ɗaurarriyar fuska. In ta gama sai ta gyara zama, ta sa hannu ta miƙar da ƙafarta ta hagu, wadda ba ta kai ta dama kauri ba, sannan ta ɗauko zancen daga tushe.

A wani ƙauye kusa da Ringim aka haifi Kande, bayan maza huɗu a jere, shi ya sa sunan ya bi ta har aka manta da na yanka. A cikin mazan nan ta tashi. Ta iya hawan kanya, ta iya fito da baki, kuma babu dattijon garin da ba ta iya kwaikwayon tafiyarsa ba. Uwarta ta yi faɗa har ta haƙura. Da ta isa aure samari suka yi ta zuwa, ita kuwa ta zaɓi Sule, wani saurayi shiru-shiru, wai don ba ta son mijin da zai riƙa katse ta idan tana magana.

Sule ya shigo Kano cin rani, ya samu aikin wanke-wanke a gidan wani Bature injiniya a Nassarawa, wanda ma'aikata ke kira Mai Lofe. A hankali ya koyi girkinsu har ya zama kuku. A shekarar 1937 ya aika mata ta taho. Ta hau jirgin ƙasa mai tasowa daga Nguru da ɗan farinta Jibrin a goye, da turminta, don ta ce ba ta yarda da turmin birni ba.

Nassarawa ta wancan lokaci unguwar Turawa ce. Gidaje nesa da juna, kowanne a tsakiyar fili kamar gona, itatuwan maɗaci da dalbejiya sun rufe hanyoyi. Ma'aikata a can ƙarshen fili suke, a jerin ɗakuna huɗu masu rufin kwano, bayan shingen furanni. Ranar da ta iso, Kande ta sauke kaya ta tsaya ta kasa kunne. Ba kukan akuya, ba sautin daka, ba mai talla.

"Malam, rasuwa aka yi a garin nan?"

"Haka suke zama," in ji Sule. "Kuma daga azahar zuwa la'asar ba a daka, Bature yana barci."

Ta bi dokar, amma ta hanyarta. Ta haƙa rami ta binne gindin turmin, ta shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa don ya shanye ƙarar. Ba a yi wata uku ba ta iya muryar uwargidan Baturen. Wata rana ta laɓe bayan shinge ta ƙwala kira, "Kuku!" Sule ya fito da gudu, cokali a hannu, yana gyara hula, sai ya tarar da matarsa zaune a ƙasa tana riƙe ciki. Ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana, a na uku shi da kansa ya ba direban gidan labarin.

Bayan Jibrin ta haifi biyu ta binne. Jibrin kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, sai dai ya sa hannu a aljihu ya ji ƙosai mai zafi bai san sanda ya shiga ba. Sai a 1948 aka haifi Hauwa. Ita ce auta, a kanta babu wata kunya. Kande ta sake jiki, tana kiranta Kuluwa, tana rawa da ita a tsakar gida rana tsaka.

Hauwa tana da shekara huɗu, cikin damina, zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku jikinta kamar garwashi. A na huɗu zazzaɓin ya sauka, ta ce tana son koko. Ta yunƙura za ta tashi daga tabarma sai ta zube. Ta sake yunƙurawa ta sake zubewa. Abin da take tunawa har yau shi ne ƙafar ba ta yi mata ciwo ba a lokacin, kawai dai ta kira ta ba ta amsa ba.

Suka kai ta asibiti. Likita ya ƙwanƙwasa gwiwar da 'yar gudumar roba, ya murza, ya lanƙwasa, ya yi dogon bayani da Turanci. Tafinta ya ce ranta ya tsira, amma jijiyoyin da suka mutu ba su da magani. Waɗanda suka rage kuwa, in ana motsa su kullum, wataƙila su ɗan yi ƙarfi. Sule ya fito kansa a ƙasa. Kande kuwa a duk maganar likitan kalma ɗaya ta tsinta ta ƙulle a bakin zane: wataƙila.

Da labari ya bazu, yayar Sule, Gwaggo Dije, ta taho daga Fagge. Mace ce mai kirki amma ba ta zagaye-zagaye. Ta duba ƙafar, ta girgiza kai.

"Shan-inna ne, Kande. Inna ta sha ƙafar. Ki ba ni ita in kai ta ƙauye wajen tsohuwa, ta zauna a inuwa ta koyi kaɗi da saƙar faifai. Abin da ya rage mata ke nan."

"Yaya, wace Inna? Inna ɗaya ce a gidan nan, ni ce, kuma ban sha ƙafar kowa ba. Koko na sha da safe."

Matan da suka zo jaje suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Dije ba ta yi ba.

"Ke komai wasa ne a wurinki."

"Wannan ba wasa ba ne, Yaya. Yarinyar nan ba inda za ta, sai inda ta taka da ƙafarta."

A gidan da ke maƙwabtaka da su akwai wata mai rainon 'ya'yan Turawa, Salomi, Kirista ce daga ƙasar Zazzau. Kafin ta zo Kano ta taɓa aiki a wani ɗakin shan magani na mishan, ta ga yara masu irin wannan larura. Ita da Kande da ma akwai wasan Kanawa da Zage-zagi tsakaninsu, kullum ta kan shinge suna musu a kan wace ce baiwar wata. Ran nan Salomi ta tsallako ba wasa a fuskarta. Ta nuna wa Kande yadda za ta tsoma tsumma a ruwan zafi ta matse ta gasa ƙafar, ta shafa man kaɗanya, sannan ta lanƙwasa ta miƙar, tun daga yatsu har cinya.

"Safe da yamma, Kande, ba fashi. In kika bar ta za ta ƙandare a lanƙwashe. Za ta yi kuka, za ta ce ba ta son ki. Kada ki saurare ta."

Haka kuwa aka yi. Miƙarwar nan da zafi. Hauwa tana ganin an ɗora tukunya sai ta ja jiki ta ɓuya bayan randa. Kande ta yi kwana biyu tana janyo ta da ƙarfi, ta ga abin ba zai ɗore ba. A rana ta uku sai ta zo ta durƙusa a gaban ƙafar, ta dunƙule hannu ta jinjina.

"Ranki ya daɗe, Gimbiya. Talakawa ne suka zo gaisuwa. Ga 'yar'uwarki Dama ta tashi tun asuba, ta yi shara ta ɗebo ruwa, ke kina kwance. A taimaka mana a ɗan motsa ko yatsa ɗaya ne."

Hauwa ta leƙo, hawaye a fuska, ta ce, "Inna, ba ta ji."

"Tana ji. Sarauta ce ke damunta. Kawo ta mu yi mata wanka."

Daga ranar ƙafar ta zama Gimbiya. Kukan bai daina ba, amma yanzu a cakuɗe yake da dariya. Kullum da sabon labarin da Kande za ta kawo wa Gimbiya: wane ya aiko yana neman aurenta, wace ta ce ba ta isa ta motsa ba. A cikin wata na uku, wata safiya, babban yatsan ya motsa. Kande ta tura a kira Sule daga kicin, ya zo da gari a hannu ya tsuguna, suka yi ta kallon yatsa kamar ba su taɓa ganin yatsa ba.

Matsalar da ta biyo baya ita ce tashi tsaye. Kande ta yi ta gaya wa yarinyar ta yi kaza ta yi kaza, abin ya ƙi. Sai ta ce wa Salomi, "Ina koya mata abin da ni ban sani ba." Washegari ta samo zaren buhu da tsumma ta naɗe gwiwarta ta hagu, ta yi alkawarin ba za ta dogara da ƙafar ba har faɗuwar rana. Haka ta wuni tana aikin gida. Ta faɗi da ƙwaryar gasara, ta faɗi a bakin murhu, matan ma'aikata suka fito suna kallo suna cewa yau kam Kande ta zare. Kwana huɗu ta yi a haka, gwiwar hannunta duk ta ƙuje. A nan ta gano cewa in ta dafa cinya da tafin hannu ta danna gwiwar baya, ƙafar tana tsayawa ko da babu ƙarfi a cikinta. Ta kuma gano yadda ake tashi daga ƙasa: a juya rubda-ciki, a kafa mai lafiyar, a tura da hannu biyu.

Ta samo gwangwala biyu dogaye ta ɗaure tsakanin itacen goba da na mangwaro a bayan ɗakunansu, daidai ƙugun Hauwa. A ƙarshen gwangwalar takan ajiye ƙuli-ƙuli ko 'yar tsanar kara. Ita kuma ta tsaya a can tana tafi tana waƙar da ta ƙirƙira a take, tana yi wa Gimbiya zambo.

Tafin nan ne ya jawo hankalin uwargidan Baturen. A shekarar ce aka kawo mata 'yarta ƙarama daga Ingila. Ta zagayo bayan shinge, ta ga yarinya tana jan ƙafa tsakanin gwangwala biyu, ta tambaya aka gaya mata. Fuskarta ta canja. Da yamma Sule ya shigo ɗaki ya zauna bai cire hula ba.

"Ta ce cutar tana yaɗuwa. Na ce mata an fi wata shida da zazzaɓin, ba ta saurara ba. Ko yarinyar ta bar gidan, ko mu duka."

Kande ta juya ta dubi Hauwa. Can ta ce, "Tsoro ne irin na uwa, ban ga laifinta ba. Kai ka riƙe aikinka, Malam. Ni da Kuluwa za mu tafi."

"Ƙauye?"

"A'a, nan unguwar Gawuna. Ladi matar mai wanki tana da ɗaki ba kowa. Kuma ka kwance mini gwangwalata, da ita zan tafi."

Kusan shekara suka yi a Gawuna. Sule yakan zo ran Juma'a da burodin da ya gasa. Salomi takan zo ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ta duba ƙafar, su yi musunsu. Hauwa ta kai tana taku biyar, shida, hannu a kan cinya, amma gwiwar takan ci amanarta ba zato, ta ninke ta kayar da ita. Salomi ta ce akwai wani takalmin ƙarfe da ake yi wa irinsu, sanda biyu a gefe da gefe, da maɗaurin fata. Ta zana shi a ƙasa da tsinke. Suka tambaya a asibiti aka ce sai an aiko da shi daga nesa, kuma ba a san ranar ba.

Kande ta kwafi zanen a kan farin ƙyalle da gawayi, ta goya Hauwa, ta kama hanyar cikin birni a ƙafa. Yarinyar ta kusa shekara shida, ƙafafunta suna dukan cinyar uwar. Suka tsaya a maƙerar wani Malam Tanko, ta shimfiɗa masa ƙyallen.

"Baiwar Allah, ni fartanya nake ƙerawa da lauje. Ban taɓa ganin wannan ba."

"Ni ma ban taɓa gani ba, Malam. Mu biyu ke nan. Wancan tarkon da ke rataye, wa ya yi shi?"

"Ni."

"To wanda ya yi ƙarfe mai buɗe baki ya rufe, gwiwa ce za ta gagare shi?"

Ya ce ta dawo wani makon. Ta ce ba ta da wani aiki, za ta jira. Ta sauke Hauwa a inuwa, ta zauna kusa da zuga-zugi tana ba masu jiran gyaran garma labari har suka manta da abin da ya kawo su. Da la'asar Malam Tanko ya ga matar nan ba tashi za ta yi ba, ya ɗauko igiya ya gwada ƙafar.

Na farko da ya ƙera ya yi nauyi, Hauwa ko ɗaga shi ba ta iya ba. Na biyu ya yanke ta a idon sawu, sai da aka yi mako uku ana jinyar gyambo. Sule ya ce a haƙura haka, yarinya ta sha wahala. Kande ta ce, "Wahalar da ke gabanta in ta zauna ta fi wannan." Ta koma. A karo na uku ta haɗa maƙerin da wani baduku, ta tsaya a kansu har suka rufe ƙarfen da fata mai laushi, suka cusa auduga a inda yake goga. Zuwa huɗu ta yi birni da yarinya a baya. Ran da aka ɗaura mata na ƙarshen, Hauwa ta riƙe 'yar sandar gora ta taka daga bakin maƙera har gindin bishiyar da ke tsallaken hanya. Malam Tanko ya ajiye masaba ya bi ta da kallo, ya ce a kawo ta duk shekara ya ƙara tsawon ƙarfen.

Bayan wata biyu Kande ta yi wa Hauwa kitso, ta sa mata atamfar sallah, suka nufi Nassarawa. Ta sauke ta a bakin ƙofar gidan Mai Lofe, ba ta baya inda ma'aikata ke bi ba. Daga nan zuwa baranda hanya ce mai tsakuwa, doguwa. Hauwa ta ce tana jin tsoro.

"Ni ma ina ji. Taka mu je."

Ƙarar ƙarfe a kan tsakuwa ce ta fito da uwargida. Salomi, wadda aka shirya da ita, ta tsallako don yin tafinta. Kande ta rusuna ta gaishe ta.

"Gaya mata ba roƙo muka zo ba, gaisuwa ce. Yarinyar da ta fita a goye ce ta zo da ƙafarta."

Baturiyar ta daɗe tana kallon takalmin. Ta tambayi wane asibiti ne ya yi shi, aka ce mata maƙeri ne a birni. Sai ta shiga ciki ta ɗauko kujera da hannunta ta ajiye wa Hauwa. A cikin makon Sule ya zo Gawuna ya ce an ce su koma gida.

Hauwa ta shiga makaranta tana da shekara tara, ta girmi 'yan ajinta, amma ba a daɗe ba ta wuce su a karatu. Tana aji huɗu aka shiga shirin bikin samun 'yancin kai. Kullum da safe ana fitar da yara fili suna koyon maci. Ita kuwa aka ce ta zauna a ƙarƙashin rumfa ta kula da randar ruwa. Ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba, amma ta ƙi cin tuwo kwana biyu. Kande ta bi ta da dabara har ta ji. Da safe ta yafa gyale ta tafi wajen hedimasta.

"Malam, 'yancin nan da aka ce za a ba mu, na masu ƙafa biyu ne kaɗai?"

"Ba haka ba ne, Inna. Filin yana da faɗi, ga rana, ga manyan mutane. In ta faɗi fa?"

"In ta faɗi za ta tashi. A wannan kam ta fi duk yaran makarantar nan, ni na koya mata."

Hedimastan ya yi murmushi, amma bai sakar mata duka ba. Ya ce nan da mako biyu, in Hauwa ta iya zagaya filin makaranta sau biyu ba ta tsaya ba, zai sa ta a sahun ƙarshe.

Kande ta mai da bayan ɗakunan ma'aikata barikin soja. Ta kifa tsohuwar hular Sule a kan ɗankwali, ta saɓa taɓarya a kafaɗa. Ta ji malamai suna cewa "lef, rai", ita kuwa a kunnenta "lafiya, rai" ne, haka take ƙwalawa. Jikarta Rabi, 'yar Jibrin mai shekara uku, tana biye da su tana dukan gwangwani. Kullum bayan la'asar sai sun zagaya itacen mangwaro sun dawo sau ashirin. Hauwa takan gaji ta zauna ta ce ta fasa. Kande takan zauna kusa da ita ta ce ita ma ta fasa, sojan nan ba albarka, su jira minti kaɗan, sannan ta miƙe ta ce hutun ya ƙare. Ranar gwaji Hauwa ta zagaya sau biyu, ta ƙara rabi don haushi.

Ran bikin Kande ta ɗiga man gyaɗa a gaɓar ƙarfen don kada ya yi ƙara. Aka ba kowane yaro 'yar tuta mai kore da fari. Hauwa ta riƙe tata a hannun hagu, sanda a dama. Da aka buga badujala sahu ya motsa, ta bi. Rabin farko ta yi daidai da kowa. Daga nan sahun ya fara barinta, taku biyar, taku goma. Da aka zo kwanar ƙarshe ita kaɗai ce a fili, 'yan makarantarsu har sun kai inda ake tsayawa. Ta ji fatar takalmin ta jiƙe, ta san ba gumi ba ne kawai. Ta ji idanun mutane a kanta, ta yi niyyar ta ratse gefe ta shige cikin taro.

Sai ta ji murya daga bayan igiyar da aka tare 'yan kallo da ita. "Lafiya, rai. Lafiya, rai." Inna ce take bin igiyar, tana kutsawa tsakanin mutane daidai da takunta, gyale ya zame ya faɗi ba ta waiwaya ba. Wani ɗan doka ya tare ta, ta ce, "Matsa, ɗana, aiki nake," ya kuwa matsa. Mutanen da ke kusa suka ɗauki kirarin suna tafi. Hauwa ba ta ƙara kallon kowa ba, ta bi muryar har ta taka farin layin. Kande ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da sai da masu badujala suka waiwayo.

Da aka kwance takalmin, duddugen ya sale har jini. Kande ta duba, ta ce yau dai Gimbiya ta yi aikin talakawa, ta durƙusa ta goya 'yar shekara goma sha biyu har gida.

Bayan shekara biyu Mai Lofe ya koma ƙasarsu. Wani ma'aikacin gwamnati Bakatsine ya tare a gidan, Sule ya ci gaba da yi masa girki, yana cewa bayan shekara ashirin da biyar yana gasa burodi ga shi ya dawo tuƙa tuwo. Ya rasu a 1965. Kande ta yi takaba a ɗakin da ta fara sauka, sannan ta koma Gawuna gidan Jibrin. Hauwa ta koyi buga tafireta, ta samu aiki a wani ofishi a nan Nassarawa, ta auri wani akawu, Malam Lawan, ta haifi 'ya'ya biyar.

A Gawuna ɗakin Kande ya zama matattarar yara, nata jikokin da na maƙwabta. Tana gina musu shanu da yumɓu, tana shiga 'yar carafke ta cinye su ta hana su kuka. Jikokinta maza duk mazajenta ne, kullum tana ƙorafin ba su kawo cefane ba. Yaron da ya yi laifi ba ta dukansa, sai ta kwaikwayi yadda ya yi ƙaryar a gaban kowa, har shi ma ya yi dariya ya faɗi gaskiya. Amma in ta sa yaro aiki, ko zai yi birgima sai ya gama.

Salomi ta koma Zariya a 1966. Takan aiko da wasiƙa, Rabi ce ke karanta wa kakarta. A ɗaya daga ciki Salomi ta tsokane ta, wai kan Bakanuwa ba ya ɗaukar boko. Kande ta sa aka maimaita mata wurin sau biyu. Washegari ta aika aka sayo mata allo da alli, ta ce wa Rabi, "Daga yau ke ce malama." Ta haura shekara hamsin, idonta ya fara rauni, hannun da ya saba da taɓarya ya ƙi riƙe alli. Takan rubuta harafi a juye, yara su yi ta dariya, ta ce harafin ne ya juya mata baya don bai san ta ba tukuna. Shekara ɗaya da rabi ta yi a kai. Ranar da ta rubuta wasiƙarta ta kori kowa daga ɗakin, ta liƙe ambulan da kanta, ba wanda ya ga abin da ke ciki.

Kande ta rasu cikin bazarar 1971, bayan ciwon kwana uku. Ran sadakar uku Salomi ta iso daga Zariya da buhun doya. Ta zauna cikin mata ta yi kukanta. Da ta share hawaye sai ta zaro wata takarda da ta sha ninki daga jaka, ta ce a ba ta izini ta karanta. Rubutun manya-manya ne, layukan sun gangara ƙasa.

"Salomi baiwata. Ni ce Kande da hannuna. Ba wanda ya rubuta mini. Kin ce kaina ba ya ɗauka, to ga shi ya ɗauka. Ki zo ki kawo doya. In ba ki zo ba zan zo in kamo ki."

Gwaggo Dije, wadda tsufa ya riga ya tanƙwara, ita ta fara dariya, sauran mata suka biyo, suna yi suna goge ido da bakin gyale.

Salomi ta zauna har sadakar bakwai. Da za ta tafi Hauwa ta raka ta bakin hanya, ta roƙe ta ta bar mata takardar, tunda ita kaɗai ce rubutun Inna da ya rage.

"A'a, 'yata. Ni aka rubuta wa."

Ta dai yarda ta ba ta aronta na wuni ɗaya. Hauwa ta tafi da ita ofis ta buga a tafireta, da kurakuranta duka, ta kai mata tasha kafin jirgin yamma ya tashi.